Yadda Ake Warware Ƙullin Lokaci a Labarin Zelda

A ƙauyen Kakariko, cikin wasan The Legend of Zelda: Ocarina of Time da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a watan Nuwamba na 1998, akwai wani mutum da ke yini a ɗakin injin iska yana juya akwatin kiɗa, ransa a ɓace. Idan jarumin wasan, Link, ya je wurinsa yana babba, mutumin zai yi masa ƙorafin wani yaro mai sarewa da ya shigo shekara bakwai da suka wuce, ya busa wani kiɗa, injin ya rikice. Cikin wannan fushin ne yake koya wa Link kiɗan. Link kuma ya koma ƙuruciyarsa, ya shiga ɗakin nan, ya busa wa mutumin shi, injin ya kama gudu, ruwan rijiyar gari ya janye. Ashe yaron da ake ƙorafi a kansa shi ne Link. Mutumin ya ji kiɗan a wurin yaro, yaron ya koya a wurin mutumin. To, wa ya ƙirƙira shi?

Na daɗe ina jin ana musu a kan irin wannan tambaya, kuma na lura musun yakan ƙare ne da ɗaya ya ce labarin tufka da warwara ne kawai, a tashi. Ban yarda da wannan yanke hukunci na gaggawa ba. Mutanen da suka tsara waɗannan wasanni sun yi tunani, kuma mafi yawan abin da muke kira kuskure rashin bin diddigi ne daga ɓangarenmu. Akwai hanyar bin diddigin, ita ce zan bayyana. Sai dai ina gargaɗi tun yanzu: zan fallasa ƙarshen wasanni da dama, wanda bai gama su ba ya sani.

Kayan aikin ba su da yawa. Takarda babba da za ka kwantar da ita a kwance, biro baƙi, biro ja, da fensir na abin da ba ka tabbatar ba tukuna. Kada ka ce za ka riƙe a ka. Labarin da ke komawa baya sau biyar ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, kuma a wurin da ka manta ne ruɗanin yake ɓuya.

Layi biyu, ba ɗaya ba

Da baƙin biro ka ja layi daga hagu zuwa dama. Wannan shi ne lokacin duniya, yadda mai sayar da madara a kasuwar masarautar Hyrule yake ganinsa: yau, gobe, baɗi. A kansa ka sa manyan abubuwan da suka faru bisa jerinsu. Link yana yaro ya sadu da Gimbiya Zelda a lambun fada. Ya tara duwatsu uku masu tsarki. Azzalumin labarin, Ganondorf, ya kai wa fada hari, Zelda ta gudu tare da mai renonta Impa. Link ya buɗe ƙofar Haikalin Lokaci ya zare takobin Master Sword, Ganondorf ya bi bayansa ya shiga Daula Mai Tsarki. Shekara bakwai na mulkin zalunci. Sannan yaƙin ƙarshe.

Da jan biro kuma ka zana hanyar da jarumin ya bi da ƙafarsa, kana sa lamba a kowane zango: 1, 2, 3. Jan layin zai riƙa tsallake gaba, ya lanƙwaso baya, ya sake tsallakewa. Lambobinsa kullum gaba suke yi, domin shi Link bai taɓa manta abin da ya gani ba, ko da jikinsa ya koma na yaro. Rabin gardamar da ake yi tana mutuwa a nan, saboda idan mutum ya ce “kafin”, sai ka tambaye shi: kafin a baƙin layi, ko kafin a ja? A baƙin layi yaro ya busa kiɗan kafin babba ya koya. A jan layi koyo ne ya riga busawa. Duka biyun gaskiya ne.

Tun a wannan mataki ka cire tafiya gaba daga lissafin matsala. Barcin shekara bakwai da Link ya yi bayan ya zare takobi ba ya haifar da wani ƙulli. Ya kwanta, duniya ta ci gaba da tafiya, ya farka ya tarar an canza. Mai karatun Hausa ya san wannan siffa tun daga ƙissar Ashabul Kahfi, waɗanda suka farka da tsohon kuɗi a hannu cikin sabon zamani. Matsala tana farawa ne sai an juya baya.

Zobe, wanke allo, da reshe

Duk labarin da ya mayar da mutum baya dole ya amsa tambaya ɗaya: me zai faru da gobe idan aka taɓa jiya? Amsoshin da marubuta ke bayarwa uku ne, ni kuma na sa musu sunayen da suka fi zauna mini a baki.

Na farko zobe. A nan ba a canza komai. Abin da matafiyin ya je ya yi a baya, dama can yana cikin tarihi, zuwansa ne ya cika shi. Alamar zobe ita ce ka ga sakamako tun kafin ka aikata sababinsa. Mai injin iska yana fushi tun ranar da ka fara ganinsa kana babba, rijiyar ma a bushe take, alhali kai mai riƙe da na'urar wasa ba ka busa komai ba tukuna. Wasan Final Fantasy na farko, wanda kamfanin Square ya fitar a 1987, kansa kacokan zobe ne: Garland, jarumin da ya ci amana ya sace gimbiya, an kayar da shi a farkon wasa, dodanni huɗu suka tura shi baya da shekara 2000, can ya rikiɗe ya zama Chaos, shi kuma ya turo dodannin huɗu zuwa gaba domin su cece shi. Masanin kimiyya ɗan Rasha Igor Novikov ya kawo irin wannan ra'ayi a shekarun 1980: in har komawa baya zai yiwu, to abin da bai saɓa wa tarihi ba ne kaɗai zai iya faruwa.

Na biyu wanke allo. Layin ɗaya ne, amma idan ka taɓa baya sai a wanke abin da ke gaba a rubuta sabo. Chrono Trigger na 1995 ne gwanin wannan. Wata yarinya mai suna Marle ta faɗa shekara ta 600 daga shekara ta 1000, mutanen fada suka ɗauka ita ce Sarauniya Leene da aka sace, saboda kama, sai suka dakatar da neman sarauniyar ta gaske. Leene kuwa kakar kakannin Marle ce. Da aka fasa cetonta, Marle ta ɓace a gaban idon jarumin wasan, Crono, ba ta dawo ba sai da aka kuɓutar da sarauniya. Alamar wanke allo ita ce ka dawo gaba ka tarar wurin da ka sani ya sauya, tsohon kuma babu shi. A wasan nan, mutum-mutumin ƙarfe Robo ya zauna yana noma shekara 400, da ka tsallaka zuwa 1000 sai ka ga daji a inda hamada take.

Na uku reshe. Ka koma baya ka canza abu, sabon tarihi ya tsiro, amma tsohon bai mutu ba. Yana can yana tafiya ba tare da kai ba. Wannan ya fi wuyar ganewa daga cikin wasa guda, domin kyamara tana bin jarumi ne, ba ta tsayawa ta nuna maka waɗanda ya bari. Sau da yawa sai wasa na gaba ne ke tona shi.

A gefen kowace lanƙwasa ta jan layinka, rubuta da fensir wanne ne daga cikin ukun. Kada ka ɗauka wasa ɗaya doka ɗaya yake bi.

Ƙirga ababen hawa

Wannan shi ne matakin da na ga an fi tsallakewa, kuma shi ne mabuɗin Ocarina of Time. Ka tambayi kanka: hanyoyi nawa ne ake bi a ratsa lokaci a wannan labari, kuma ko aikinsu iri ɗaya ne?

A nan biyu ne. Na farko takobi. Idan Link ya mayar da shi cikin dakalinsa na dutse sai ya koma yaro, idan ya zare sai ya zama babba. Amma duba inda takobin ke sauke shi. Kullum bayan harin Ganondorf ne: Zelda ta riga ta gudu, ƙofar haikali a buɗe, barna ta riga ta auku. Takobin bai taɓa kai shi inda zai hana masifar ba. Tashoshi biyu ne tsayayyu, shekara bakwai a tsakaninsu, yana kai da kawowa a kansu.

Na biyu kuwa sarewa ce, sau ɗaya tak aka yi amfani da ita a haka. Bayan an kayar da Ganon, wato Ganondorf, an kulle shi, Zelda ta karɓi sarewar gadon sarauta daga hannun Link, ta busa, ta mayar da Link domin ya sami ƙuruciyar da aka ƙwace masa. A hoton ƙarshe na wasan, yaro Link yana shiga lambun fada, yarinya Zelda tana juyowa daga tagar da take leƙe. Ka ɗauki baƙin layinka ka nemi wannan wuri. Zelda tana fada, ke nan ba ta gudu ba, ke nan ba a kai harin ba. Sarewar ta kai shi can baya, inda takobi bai taɓa kai shi ba, kuma ya iso da cikakken sanin abin da Ganondorf ke shiryawa. A daidai nan za ka ja reshe.

Hujjar tana cikin wasannin da suka biyo baya. The Wind Waker na 2002 ya buɗe da labarin duniyar da jarumi ya bari: Ganon ya kuɓuce, mutane suka yi ta jiran jarumin nan ya dawo, bai dawo ba, har aka nutsar da Hyrule a ƙarƙashin teku. Ina zai dawo, alhali an ɗauke shi daga wannan layin gaba ɗaya? Twilight Princess na 2006 kuma ya nuna ɗaya ɓangaren, inda asirin Ganondorf ya tonu da wuri aka kama shi aka yanke masa hukuncin kisa. Wasanni biyu, kowanne yana cewa shi ne ci gaban Ocarina of Time, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Abin da ya fi taɓa ni a duk jerin shi ne wannan: kyautar da Zelda ta yi wa Link don tausayi ita ce ta bar mutanenta ba mai tsaro. Wanda bai zana reshen ba ba zai ga wannan baƙin cikin ba sam, zai ɗauka ƙarshe ne mai daɗi kawai.

Wake da kiɗa

Yanzu ga wurin da takarda za ta nuna maka ɓaraka ta gaske. A bakin Kogin Zora akwai mai sayar da waken tsafi, ƙwaya goma, kowace ta fi ta baya tsada. Idan yaro Link ya shuka ɗaya a ƙasa mai laushi, babba Link zai tarar da ganye mai faɗi da ke ɗaga shi sama. Amma ka je wurin kana babba kafin ka shuka, babu komai. Ka koma ka shuka, ka dawo, ga tsiro. Wannan wanke allo ne tsantsa. Kiɗan injin iska kuwa zobe ne tsantsa. Takobi ɗaya, tashoshi ɗaya, dokoki biyu. Da dokar wake ce ke aiki ko'ina, da mai injin bai san kiɗan ba sai bayan ka busa, kuma da ba ka da inda za ka koya. Da dokar kiɗa ce, da ka tarar da tsiron tun farko.

Ba na ganin akwai dabarar da za ta haɗa su, kuma ba na son a ƙirƙiro wadda wasan bai faɗa ba. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka raba abin da labari ya ƙulla da abin da aka bar wa mai wasa. Shuka wake zaɓi ne, kana iya gama wasan ba ka shuka mafi yawansu ba, kuma daɗinsa duka yana cikin ka ga aikin hannunka ya canza wuri. Wannan buƙatar wasa ce. Kiɗan kuwa an rubuta shi da maganganu da hali da fushin mutum, an gina shi da gangan don ya juya maka kai. Idan biyu suka yi karo, ni ina ba wa abin da aka rubuta da baki nauyi, in sa wa ɗayan alamar fensir cewa na wasa ne. Haka ma wasu akwatuna masu hatimi na Chrono Trigger: ka taɓa akwati a 600 ka bar shi, ka buɗe a 1000 ka sami kaya mafi kyau, ka koma 600 ka ɗauke na asalin, ka tashi da biyu. Lada ce aka ajiye wa mai wayo, ba a gina tarihin masarauta a kanta ba.

Shi kuwa kiɗan da ba shi da mawallafi, ka lura ba ya saɓa wa kansa. Babu wurin da abu ya faru kuma bai faru ba. Abin da ya rasa asali ne, kamar salsalar da ka bi ta daga malami zuwa malami sai ta dawo kan ɗalibin farko. Yana da kyau ka bambanta irin wannan da irin na Marle, inda mutum ke share dalilin samuwarsa. Na farko baƙon abu ne amma yana tsayawa da ƙafarsa. Na biyu ne ke buƙatar labari ya kawo magani.

Bincika jakar matafiyi

A kowace komawa baya, rubuta abin da ya ratsa tare da jarumi da abin da ya tsaya: jikinsa, tunaninsa, kayansa. Majora's Mask na 2000 ya fi kowane wasa fayyace wannan. Kwana uku ne, awa 72, kafin wata ya faɗo kan garin Clock Town, kimanin minti 54 a agogonka na gaske. Da ka busa kiɗan lokaci sai ka koma asubahin rana ta farko. Fuskokin rufe ido da ka tara, da kaɗe-kaɗen da ka koya, da manyan kayan aiki suna biyo ka. Kibau da bama-bamai da kuɗin aljihu suna zubewa. Mutanen da ka taimaka sun manta da kai, damuwarsu ta dawo sabuwa. Kuɗin banki ne kaɗai ke tsira, kuma wasan ya ba da dalili: ma'aikacin banki yana buga wa Link hatimi a jiki da wata tawada ta musamman, saboda haka shaidar ajiyar tana tafiya da jikin da ke ratsa lokaci. Ƙaramin bayani ne, amma yana nuna masu tsarawa sun san tambayar da za ka yi.

Idan ka yi wa ƙarshen Ocarina of Time wannan bincike, za ka ci karo da Triforce, alwatikan zinariya uku na Iko da Hikima da Jarumta. A lambun fada, alamar tana bayan hannun yaro Link, kamar ya taho da rabonsa. The Wind Waker kuma ya ce rabon Jarumta ya tsaya a duniyar da ya bari, ya farfashe gida takwas. Fahimtar da ta fi zauna mini ita ce kowane reshe yana da nasa Triforce, kuma dawowar Link a matsayin wanda aka riga aka zaɓa ce ta sa na sabon reshen ya rabu. Hakan zai bayyana yadda ikon ya farka a hannun Ganondorf a filin kisa cikin Twilight Princess. Amma da fensir na rubuta wannan a takardata.

Wa ya faɗa?

A watan Disamba na 2011, lokacin cikar jerin shekara 25, Nintendo ta fitar da littafin Hyrule Historia ƙarƙashin kulawar Eiji Aonuma, aka buga na Turanci a farkon 2013. Littafin ya tabbatar da rassa biyun nan, ya kuma ƙara na uku da ba wanda ya zata: reshen da Ganon ya ci Link da yaƙi. A kansa aka jera A Link to the Past na 1991 da wasan farko na 1986 da wasu tsofaffi.

Kada ka ɓata lokaci kana neman abin hawan da ya haifar da wannan reshe. Babu takobi, babu sarewa, babu wanda ya koma baya. “Da a ce” ne kawai, aka buɗe shi don a sami wurin ajiye wasannin da aka yi tun kafin a yi tunanin rassa. Ka zana shi da ɗigo-ɗigo, daban da sauran biyun.

Daga nan ka saba da jera hujjoji bisa ƙarfinsu. Abin da ka gani ko ka karanta a cikin wasan shi ne gaba. Bayansa maganar masu tsarawa da littattafansu, tare da tuna cewa su ma suna sake shawara, kuma fassara daga Japananci takan sauya ƙananan ma'anoni. Can ƙasa sai hasashen masoya, har da naka da nawa. Hasashe halal ne, shi ne ma rabin daɗin abin, muddin an kira shi da sunansa. Breath of the Wild na 2017, misali, Nintendo ta ajiye shi can nesa a ƙarshen tarihi ba ta ɗaura shi a kan kowane reshe ba, don haka duk wanda ya ce maka ya san reshensa tabbas, ra'ayinsa yake faɗa.

Idan kana son gwada hannunka, ɗauki Tears of the Kingdom na 2023 da sabuwar takarda. Zelda ta faɗa can zamanin kafa masarauta, takobin da ya karye ya bi ta, ita kuma ta haɗiye dutsen sirri ta zama farin dodon sama domin ta raini takobin tsawon dubban shekaru har ya iso hannun Link. Fara da mintocin farko na wasan, a ƙarƙashin fada, inda gawar Ganondorf ta farka ta kira Zelda da Link da sunayensu. A jan layin Zelda, wannan ne karo na farko da ta gan shi. Nemi wurin a baƙin layi, ka duba ko shi ma karonsa na farko ke nan, sannan ka rubuta sunan dokar a gefe.